Mangwaron Da Aka Dasa Ranar Alhamis

Ranar Litinin da safe aka kama ni da laifin tafiya a ƙasa. Ban yi sata ba, ban taka wa kowa ƙafa ba, ko yawu ban tofar a titi ba. Tafiya kawai nake yi, hannuwana a baya, a kan hanyar da aka gina musamman don mutane su yi tafiya a kanta. Ku gyara zama in ba ku labarin daga tushe, don ni kaina har yanzu in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko salati.

Likita ne ya ja mini. Na je asibiti da ciwon kai, ya ɗaura mini abin nan mai matse damtse, ya dubi lambar, ya dube ni, ya sake duban lambar. Ya ce, "Malam, me kake yi da safe?" Na ce ina sauraron labarai. Ya ce, "Da rana fa?" Na ce ina layin mai. "Da yamma?" Na ce ina rubuta abin da na ji da safe da abin da na gani da rana. Sai ya ajiye biro, ya ce jinina ya hau sosai, kuma maganin farko shi ne in riƙa tafiya a ƙasa minti arba'in kullum, a wuri mai shiru, mai bishiyoyi, inda zan ji kukan tsuntsaye.

Na ce, "Likita, a garin nan?"

Ya ce, "Ni dai na faɗa maka."

Ku da kuke zaune a garin nan kun san abin da nake nufi. Tun kafin rana ta fito babura sun fara, mai injin niƙa ya amsa musu, mai walda ya karɓa, mai tallan maganin basir da lasifika ya hau sama da kowa. Ga zafi, ga gumi, ga hayaƙin janareto da ya zame mana turare. Shiru a garin nan ba a samunsa sai an ɗauke wuta kuma mai ya yanke a lokaci guda, shi ma sai yara su cike gurbin.

Matata ce ta tuna cewa rediyo ya kwana biyu yana shelar wani sabon wuri a bayan kasuwa, wai Hanyar Shaƙatawa da Shan Iska, wadda Hukumar Natsuwa da Kyan Gari ta gina mana don ƙaunar da take yi mana. Ta sayo mini kambas na gwanjo, ƙafar dama ta fi ta hagu yalwa, ta tura ni waje ta ce, "Baban yara, kada ka dawo gidan nan sai ka yi minti arba'in ɗin nan cif. Ba zan zauna ina ji ina gani ƙorafi ya kashe mini miji ba."

To, na isa. A bakin ƙofa akwai wani allo wanda ya fi ɗakina faɗi. A samansa ga hoton Mai Girma Mai Almakashi, uban ayyuka, wanda in ya kwana biyu bai yanka kintinkiri ba sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Yana murmushi, ya miƙa hannu kamar zai ba ka wani abu. A ƙarƙashinsa an zana daji kore shar, ga barewa tana shan ruwa, ga tsuntsaye kala-kala, ga wani magidanci da iyalinsa suna dariya ba dalili. Na ce alhamdu lillahi, ashe ana aiki a garin nan mu ne ba mu da godiya.

Da na shiga, sai gani ya kori ji. Hanya ce doguwa an shimfiɗa mata bulo ja da fari, tsaf da ita. Dama da hagu ramuka ne a jere, guda arba'in, kowanne fanko. A gefen kowane rami an kafa ɗan allo mai ɗauke da sunan bishiya, sunaye dogaye irin na takardar magani. Na tsaya na karanta guda uku, na leƙa ramukan ko bishiyoyin suna ciki ba su farka ba. Kwaɗo ɗaya na gani. A saman kowane turken fitila kuma an ɗaure lasifika. Rana tana dukan ƙeyata, bulon yana mayar mini da zafin ta ƙasa, amma na ce tunda na zo bari in cika umarnin likita.

Ban kai rami na goma ba na ji usur. Wani mai gadi da kulki ya taho yana haki.

"Kai! Tsaya nan! Me kake yi?"

Na ce, "Shaƙatawa nake yi, ranka ya daɗe."

"Da izinin wa? Ba ka san ba a ƙaddamar da wurin nan ba? Sai ranar Alhamis Mai Girma zai zo ya buɗe. Kai wane ne da za ka riga shi shan iska?"

Na ce to ai iskar na riga na shaƙa, ban san yadda zan mayar da ita ba. Ya ce wannan bayanin a gaban Darakta zan yi shi. Ya riƙe mini hannun riga, muka miƙe har ƙarshen hanyar, inda ta ɓulle ga tsohon titin mahauta. Sai a lokacin na gane inda nake, domin ga mangwaron Baba Mai Aski a gabana.

Duk wanda ya girma a wannan ɓangaren gari ya san mangwaron nan. Mutum uku sai sun haɗa hannu kafin su zagaye gindinsa. A nan Baba Mai Aski yake sana'arsa tun ina ɗan makaranta: kujerar katako ɗaya, benci ɗaya na masu jira, madubi rataye a jikin ƙusa, sai akwatin kayan aikinsa. A nan mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake kawo ni yana riƙe mini kai ana aske ni ina kuka. A nan na ci gaba da zuwa har gashin ya gaji da ni ya tafi. Baba ba shi da shago, ba shi da lambar waya, ba shi da wani adireshi a duniya in ban da wannan bishiyar. Yanzu ya tsufa, hannunsa bai fara rawa ba tukuna, amma ƙafafunsa ba za su iya yawon neman sabon wuri ba.

A ƙasan madubin nasa an shafa wa bishiyar jan fenti, an yi mata alamar gicciye mai girma.

Shi kuwa Babban Darakta Mai Kula da Iska da Inuwa, ina kuke zaton ya kafa teburinsa? A gindin mangwaron, mana, tunda duk faɗin Hanyar Shaƙatawa babu wata inuwa sai ita. Ya cire hula, ya miƙe ƙafafu, iska tana kaɗa masa takardu. Na gaishe shi da ladabi irin na wanda aka kama, sannan na tambayi ma'anar jan fentin.

Ya ce, "Sare ta za a yi kafin Alhamis."

Na ce, "Yallaɓai, bishiya ɗaya tilo a wurin shaƙatawa?"

Ya buɗe wata doguwar takarda ya ɗora mata yatsa. "Duba nan. Ka ga bishiya a wannan kusurwar? Babu ita a zane. Abin da babu shi a zane kuwa, a hukumance babu shi. Na biyu, tana zubar da ganye ba a kan ƙa'ida ba. Na uku, kuma mafi muni, in ka taho daga titin mahauta tana tare kunnen Mai Girma na hagu a allon hotonsa na wannan ɓangaren." Ya faɗi haka yana ɓare wani nunannen mangwaro da ya faɗo masa kan tebur.

Baba Mai Aski yana gefe yana wasa askarsa a jikin fata, bai ɗago ba. Da ya ga ina kallonsa sai ya ce, "Ɗana, bar su. Ni ma almakashi nake riƙewa fiye da shekara arba'in, ba a taɓa yi mini tafi ba. Kowa da irin almakashin da Allah ya ba shi." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba.

Aka dawo kan shari'ata. Darakta ya ce laifina babba ne, amma faɗuwa ta zo daidai da zama, domin suna neman mutum talatin da za su fito a matsayin jama'a masu shaƙatawa ranar ƙaddamarwa, kuma saura gurbi ɗaya. Ya ƙare mini kallo ya ce fuskata irin ta talaka ce mai gamsarwa, sai dai a koya mini murmushi. Hukuncina shi ne in zo gwaji Talata da Laraba, in fito ranar Alhamis. Na je neman ƙiba na samo rama.

Jama'a, ashe shaƙatawa aiki ce mai wahala. An ba ni daga rami na bakwai zuwa rami na ashirin. In tafi a hankali, hannuwa a baya, in tsaya a rami na goma sha biyu in ɗaga kai sama in yi mamaki. Na tambaya mamakin me, tunda babu komai a saman sai rana. Aka ce bishiya za ta zo. Wata mata aka ba ta benci da littafi a juye. Wasu dattawa biyu aka ce su riƙa gaisawa suna dariya, su rabu, su sake haɗuwa su gaisa, har sai an ce ya isa. Sau goma sha ɗaya suka gaisa ranar Talata, a na ƙarshe ɗayan ya ce wa ɗayan, "In ka sake tambayata iyali sai na mare ka."

Mai gadin nan da ya kama ni, ashe mutumin kirki ne in ba a kallonsa. Shi ya zagaya da mu abubuwan kallo na kusa, don in baƙi sun tambaya mu iya nuna musu. Muka fara da Maɓuɓɓugar Albarka, wani kwano na siminti mai kifin ƙarfe a tsakiya da baki buɗe. Ruwan, in ji shi, da bokiti ake kawo shi ranar da manya za su zo, in sun tafi a kwashe a mayar wa mai wankin mota. Muka wuce Gadar Zumunci, wadda aka gina a kan busasshiyar ƙasa saboda rafin yana zango na biyu na aikin. Muka ga Tafkin Annashuwa, na gane shi nan take, kududdufin bayan kasuwa ne da muke kira da wani suna wanda ba zan rubuta a jarida ba. An sa masa allo, an kuma roƙi sauro da su ba da haɗin kai.

Na tambaye shi lasifikokin nan fa. Ya ce ai su ne tsuntsayen. An naɗo kukansu iri arba'in a waya, in an kunna janareto sai su kama. "Yau ba za ka ji su ba," in ji shi, "tsuntsayen nan da mai suke kuka." Sannan ya rage murya ya gaya mini sirrin ramukan. Hukumar tana da bishiyoyi arba'in a cikin rabin duro-duro, suna zaune a bayan wata babbar mota. Duk inda Mai Girma zai buɗe aiki, sai motar ta riga shi isa, a sassauke su cikin ramuka, a rufe bakin duro da ƙasa. In an watse a tone su a wuce gaba. An dasa su a tashar mota, an dasa su a sabuwar kasuwa, an dasa su a gaban ɗakin karatu. Akwai wani ɗan lemo a cikinsu wanda Mai Girma ya dasa da hannunsa sau tara. Ni dai ban ga laifi ba, domin a tarihin duniya ban taɓa jin bishiyoyin da suka ga gari kamar waɗannan ba.

Daga ƙarshe muka hau Dandamalin Hangen Nesa, matakala ashirin. Daga can ne ake ganin abin kallo mafi girma a garin nan, wanda babu hukumar da ta sa masa allo, wato layin mai. Ya taso daga gidan man bakin shatale-tale, ya lanƙwasa ta bayan makarantar firamare, ya wuce kasuwa, ya ɓace a inda ido ya gaji. Mai gadi ya nuna mini wata mota can baya mai koren kaya yana rangaji, ya ce ga bishiyoyinmu can. Ya sake nuna wani gajeren mutum a layin masu galan, injin yankan itace a kafaɗarsa. Ya ce, "Ga kuma mai sare mangwaro. Tun Asabar ya kamata a ce ya gama, injinsa ne ba mai."

Ya ku masu karatu, kun san ni. Shekara nawa ina zagin layin mai a wannan shafin? To, ranar na tsaya a kan dandamali na ɗaga hannu na roƙi Allah kada tankar mai ta shigo garin nan sai bayan Alhamis. Kuskurena ɗaya, na maimaita addu'ar da yamma a ƙofar gida, maƙwabcina direban tasi yana ji. Mutumin da ya kwana uku motarsa tana layi.

Ya ce, "Maƙwabci, me na ji ka ce?"

Na ce, "Wani hani ga Allah baiwa ne."

Ya ce, "Baiwa? Yarana shida suna cikin gida, kai kana roƙon kada mai ya zo saboda itace? Wallahi ba don mutuncin matarka da ke ba mu ruwan sanyi ba, da yau an ji mu." Ya shige gida ya bugo ƙofa. Bai yi ƙarya ba, kuma na ji kunya, amma ban janye addu'ar ba.

Da alama addu'arsa ta fi tawa ƙarfi, domin ranar Alhamis da sassafe tanka ta iso. Ƙarfe tara muna tsattsaye a wurarenmu, an zuba ruwa a bakin kifin ƙarfe, an kunna janareto, tsuntsaye iri arba'in suka kaure da kuka lokaci guda har sai da awakin mahauta suka tsinke igiya. Ƙarfe goma saura kwata sai ga gajeren mutumin nan da galan cike, yana tafe yana fara'a. Ya durƙusa gindin mangwaro ya cika injinsa. Baba Mai Aski ya riga ya cire madubinsa, ya zauna a bakin titi da akwatinsa a kan cinya, ya zuba wa bishiyar ido. Na bar rami na bakwai ba da izini ba na matso kusa.

Shi kuwa Darakta waya ce a kunnensa, gumi ya jiƙa masa babbar riga, yana yi wa direban motar bishiyoyi tsawa. "Kana ina? Wane irin mota sittin a gabanka? Ka ce musu bishiyoyin hukuma ne! Mai Girma ya taso, minti ashirin ya rage!" Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga ramuka arba'in sun buɗe baki, ga shebur mai ado da kintinkiri, ga butar ban ruwa mai ruwan zinare, ga masu ɗaukar hoto, babu abin dasawa ko tsinke. Mai injin ya ja igiya sau ɗaya, injin ya yi tari. Ya ja na biyu, ya kama da ƙara.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe! Yallaɓai Darakta! Mai Girma zai dasa bishiya, ko ba haka ba? To, a duk wurin nan bishiya ɗaya ce."

Ya juyo ya harare ni. "Wannan tsohuwar? Ta girmi kakansa!"

Na ce, "Ai shi ya sa ta dace da shi. Babban mutum irin Mai Girma a ce kullum ɗan tsiro kamar tsinken tsintsiya yake dasawa? Wannan aikin ƙananan ma'aikata ne. Girman bishiya gwargwadon girman mai dasa ta. Kuma ka duba hoton da za a ɗauka, yallaɓai, da wanda za a ce shi ya kawo shawarar."

Ya dubi bishiyar, ya dubi ramukan, ya dubi agogo. Can nesa muka fara jin jiniya. Sai ya daka wa mai injin tsawa, "Kai, kashe wannan abin! Wa ya ce ka taɓa bishiyar Mai Girma?" Bawan Allah da ya kwana biyar a layi don wannan aikin ya tsaya baki buɗe. Cikin minti goma an tara sabuwar ƙasa a gindin mangwaro, an naɗe jan fentin da yadi, an jera kujerun baƙi a kan ramuka ashirin, mu masu shaƙatawa aka ce kowa ya tsaya gaban rami guda ya tare shi da jikinsa. Ɗaya daga cikin dattawan gaisuwa ya ja da baya don ya ba hanya, sai muka neme shi muka rasa, hularsa kawai ake gani.

Mai Girma Mai Almakashi ya iso da motoci goma sha takwas. Ya yanka kintinkiri, sannan ya zagaya Hanyar Shaƙatawa tun daga farko har ƙarshe a cikin mota, gilashi a rufe, domin ya ɗanɗana wa jama'arsa daɗin tafiya a ƙasa. Ya sauko a gindin mangwaro. Aka miƙa masa shebur, ya zuba ƙasa sau ɗaya. Aka miƙa masa buta, ya tsiyaya ruwa. Ko ɗaga kai bai yi ba ya ga abin da yake dasawa. Yana ajiye butar sai ga nunannen mangwaro ya faɗo tim a gaban takalminsa. Mai gabatarwa ya ƙwace lasifika ya ce, "Jama'a ku shaida! Ya dasa yanzu, ta haihu yanzu!" Aka ɓarke da tafi, ni ma na tafa har tafin hannuna ya yi ja, kuma karon farko ke nan a rayuwata da na yi wa babban mutum tafi da zuciya ɗaya.

A jawabinsa ya ce mu yi haƙuri, dashe sai a hankali, amma nan da shekaru kaɗan 'ya'yanmu da jikokinmu za su zauna a inuwar wannan ɗan itacen da ya dasa yau. Yana faɗa yana tsaye a cikin inuwar, shi da mutum ɗari biyu.

Da aka watse Baba Mai Aski ya rungume ni, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifinka." Na koma gida ina tafiya kamar wanda ya ci yaƙi, har na gaishe da maƙwabcina direba sau biyu.

Ana murna an rabu da targaɗe, ashe karaya ce ke tafe. Ranar Juma'a da tsakar rana sai ga Darakta da masu walda. Ya ce bishiyar da Mai Girma ya dasa da hannunsa mai albarka ba za a bar ta haka kowa ya jingina da ita ba. Ya sa aka auna iyakar inuwarta a ƙasa da igiya, aka zagaye da shingen ƙarfe mai tsini, aka sa ƙofa da kwaɗo. Aka kafa farin dutse mai rubutu cewa an dasa wannan bishiya ranar Alhamis. Aka fitar da kujerar Baba da bencinsa waje, aka ce ba a aski a gindin kayan tarihi. Mangwaron talakawa ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Da labarin ya iske ni sai na dafe kai. Bakina ne ya ja. Na ceci itace na kori mutum, kuma mutumin da ya sa mini albarka jiya-jiya. Ranar ban iya cin abinci ba. Matata ta ce in je in same shi in ba shi haƙuri, ko ba komai ya san ba da gangan na yi ba. Sai ranar Asabar da la'asar na iya tattara ƙarfin hali na tafi, ina tafe ina shirya kalmomin da zan faɗa.

Tun daga nesa na ji ƙarar almakashi. Ga Baba a wajen shingen ta gabas, a cikin inuwa mai sanyi, mutum huɗu a kan benci suna jira. Wanda ke kan kujera an lulluɓe shi da farin ƙyalle, kumfa har kunne, ba kowa ba ne sai mai gadi, kulkinsa a ƙasa.

Na ce, "Baba, yaya haka? Na zo ba ka haƙuri."

Ya ce, "Haƙurin me, ɗana? Shi mai ilimin nan da tsakar rana ya zo ya auna inuwar, lokacin da take tsaye a gindin uwarta. Da safe tana fitowa ta yamma, in bi ta can. Da la'asar ta fito ta gabas, in dawo nan. Tsakar rana kuwa dama lokacin hutuna ne. Zauna, akwai mutum huɗu a gabanka."

Na zauna, ko da yake babu abin da za a aske. Saboda haka ina roƙonku, masu karatu, in kun gama da wannan shafin ku ba mai gyaɗa ya naɗe kayansa da shi, kada ya kai ofishin hukuma. In suka ji cewa inuwar Mai Girma tana tsallake shinge sau biyu a rana ba da izini ba, wallahi kafin Litinin an kafa kwamitin kamo ta.